Tambaya da Amsa: Ƙiba da Gwajin Magani a Jikin Ɓerayen Bincike

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: yadda ake sa ɓeran gwaji ya yi ƙiba ta hanyar abinci, da yadda ake gwada magani a kansa bayan ya yi. Yawancinsu daga ɗalibai ne da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya kuma daga mai karatu ne da ba wannan ce sana'arsa ba. Mun taƙaita tambayoyin, amma ba mu taƙaita amsoshin ba inda suke buƙatar bayani.

Assalamu alaikum. Ina shirin fara binciken digiri na biyu a kan ƙiba. Wane irin ɓera zan nema, wane abinci zan ba su, kuma har tsawon wane lokaci? Daga wata ɗaliba.

Wa alaikumus salam, Malama. Irin da aka fi aiki da shi shi ne baƙin ɓeran nan da ake kira C57BL/6J, wanda cibiyar Jackson Laboratory da ke jihar Maine a Amurka take kiwo. A 1988 Richard Surwit da abokan aikinsa a Jami'ar Duke suka nuna cewa idan aka ɗora wannan irin a kan abinci mai kitse yana yin ƙiba, sukarin jininsa ya hau, jikinsa ya daina jin insulin yadda ya kamata. Tun daga nan ya zama ma'aunin da kowa yake komawa gare shi. Wasu irin, kamar A/J da BALB/c, sai ki yi ta ba su kitse wata da watanni ba su yi wata ƙibar kirki ba.

Ki lura da harafin ƙarshe na sunan. Akwai C57BL/6J, akwai C57BL/6N, kuma kada ki ce ɗan juma ne da ɗan jummai. Na J yana da tawaya a wata ƙwayar gado da ake kira Nnt, wadda take da hannu a yadda jiki ke fitar da insulin. Duk wanda kika ɗauka, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, daga mai kiwo ɗaya, kuma ki rubuta cikakken sunansa a rahotonki.

Abincin da ya fi yawo a binciken ƙiba iri biyu ne, duka na kamfanin Research Diets: D12492, wanda kashi 60 cikin 100 na kalorinsa daga kitse yake, da D12451 mai kashi 45. Kowane giram na farkon yana ɗauke da kalori 5.24, na biyun 4.73. Yawancin kitsen da ke cikinsu na alade ne, da ɗan man waken suya. Akwai wani haɗin da ake yi da man madara da sukari mai yawa da ɗan kolestarol, wanda masu nazarin hanta da jijiyoyin jini suka fi so. Mai kashi 60 ya fi saurin kawo ƙiba, shi ya sa ya fi farin jini wurin mai ƙarancin lokaci. Mai kashi 45 ya fi kusa da abin da ɗan adam yake ci. A ganinmu, idan tambayarki a kan magani ce kuma kina son ƙiba bayyananniya cikin wata uku, ɗauki mai 60. Idan a kan yadda ƙibar take farawa ne sannu a hankali, mai 45 ya fi dacewa.

Ki karɓi ɓerayen suna da mako 5, ki bar su mako ɗaya su saba da ɗakin, ki fara abincin suna da mako 6. Bambancin nauyi yakan fara fitowa cikin mako 2 zuwa 4, amma wannan bai isa ba. Sai an yi mako 12 zuwa 16 sannan namijin ɓera yake kai giram 40 zuwa 50, alhali ɗan'uwansa da ke kan abinci marar kitse yana wajen giram 30. A lokacin ne hanta ta tara kitse, kumburi ya shiga cikin teɓa, insulin ya yi yawa a jini. Wanda ya fara magani a mako na 4 rigakafin ƙiba yake gwadawa. Wanda yake son ya ce maganinsa yana warkar da ita dole ya jira ta kafu.

Saura abin da ya fi lalata binciken ɗalibai, wato abincin rukunin kwatance, ɓerayen da ake bari ba a yi musu abin da ake gwadawa ba don a kwatanta sauran da su. Da yawa sukan ba wannan rukunin abincin ɓeraye na yau da kullum, wanda aka yi da masara da alkama da waken suya. Wannan abincin ya bambanta da D12492 ta fuskoki da dama ban da kitse: yana da dusar hatsi mai yawa wadda ƙwayoyin halittar cikin hanji suke rayuwa a kanta, yana da sinadaran waken suya masu aiki kamar estirojin, wato sinadarin jikin mace, kuma haɗinsa yana canjawa daga buhu zuwa buhu. Idan kika ga bambanci a hanji ko a hanta, ba za ki iya rantsewa cewa kitsen ne ya kawo shi ba. Abokin D12492 na gaskiya shi ne D12450J, mai kashi 10 na kitse, wanda furotin ɗinsa da sukarinsa da bitamin ɗinsa duk daidai suke da na mai kitsen. Akwai D12450B shi ma mai kashi 10, amma sukarinsa ya kai kashi 35 na kalori, don haka ki duba lambar da kyau kafin ki yi oda.

Mako 8 ke nan ɓerayena suna kan abinci mai kitse, amma ratarsu da rukunin kwatance ba ta wuce giram 3 ba. Ina matsalar take? Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

Malam, ba ka gaya mana ko maza ne ko mata ba, kuma nan za mu fara. Matan C57BL/6 suna jinkirin ƙiba ƙwarai, saboda estirojin yana kare su, kuma ko sun yi ƙibar sukarin jininsu ba ya lalacewa kamar na maza. Idan mata ne, ratar giram 3 a mako 8 ba abin mamaki ba ce, lokaci kawai suke buƙata. Wannan ba dalilin barin mata ba ne. A 2016 hukumar NIH ta Amurka, mai ba da tallafin binciken lafiya, ta fara neman masu karɓar tallafinta su yi la'akari da jinsi biyun, domin an daɗe ana gina ilimin ƙiba a kan maza zalla.

Idan maza ne, je ka buɗe kejin ka shinshina abincin. Kitse yana lalacewa idan ya daɗe a waje, warinsa ya canja, ɓera ya rage ci. A ajiye shi a firiji mai digiri 4, wanda za a daɗe ba a taɓa ba a sa shi a firiza, kuma a canja na cikin keji sau biyu a mako, a zubar da tsohon gaba ɗaya maimakon a ƙara sabo a kansa. Ɓera ɗaya yana cin giram 2.5 zuwa 3 na wannan abincin a rana. Idan lissafinka ya nuna ƙasa da haka sosai, ka samu bakin zaren.

Daga nan ka duba bayansu da gindin jelarsu ko akwai cizo. Maza suna faɗa, kuma wanda ake cin zalinsa ba ya ƙiba. Mazan da ba tare suka taso ba kada a haɗa su bayan sun balaga, wanda aka raba kuma kada a mayar da shi. Ka duba fata ma: gashin mai cin kitse yana yin maiƙo, wannan irin kuma yana da saurin kamuwa da gyambon fata a wuya da kafaɗa, kuma ɓera mai gyambo rama yake yi.

Zafin ɗaki shi ne abin da aka fi mantawa. Yawancin ɗakunan dabbobi ana riƙe su a digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos, wanda ya yi wa ma'aikaci daɗi amma sanyi ne ga ɓera. Shi sai wajen digiri 30 yake daina ƙona abinci don ɗumama jikinsa. Ɓeran da yake shi kaɗai a keji, ba abokin raɓa, ba kayan sheƙa, yana ƙone wani babban kaso na abin da ya ci a kan ɗumi kawai. Idan kuma ɗakin yana zafi fiye da kima da rana, ci ne yake raguwa. Abin da ake so shi ne zafin ya tsaya wuri ɗaya, haske awa 12 duhu awa 12, kowane keji da kayan sheƙa daidai da na sauran. Ko da an kiyaye duk wannan, za ka samu 'yan kaɗan da ba sa ƙiba ko da iyayensu ɗaya da sauran. Shi ya sa ake farawa da fiye da adadin da ake buƙata, kuma a rubuta tun kafin a fara wane nauyi ne ɓera zai kai kafin ya shiga gwajin.

Yaya ake lissafin awon magani ga ɓera, kuma ta wace hanya ya fi kyau a ba shi? Daga wani ɗalibin harhaɗa magunguna.

Kafin lissafi akwai rabo. Bayan ƙiba ta kafu, a auna nauyin kowane ɓera, idan akwai na'urar EchoMRI a auna kitsensa ma, sai a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, a raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a yadda matsakaicin nauyin kowane rukuni zai zo daidai. Kada ka sa hannu a keji ka ce na farkon da ka kama shi ne na magani. Wanda ya fi saurin kamuwa yawanci shi ne mafi nauyi ko mafi sanyin jiki, ka ga tun ba a fara ba rukunin ya karkata. Akan sa 8 zuwa 12 a kowane rukuni, amma ainihin adadin daga lissafi yake fitowa, gwargwadon girman bambancin da kake tsammani. Idan a cikin abinci ko ruwan sha aka zuba maganin, to kejin ne abin ƙirgawa: ɓeraye huɗu a keji ɗaya awo ɗaya ne. Ɓeraye kuma suna cin kashin juna, saboda haka na magani da na kwatance ba sa zama keji ɗaya idan maganin yana fita ta hanji.

Ga lissafin da misali. A ce metformin, maganin ciwon sukari, za ka ba da, miligiram 250 ga kowane kilo, awon da ake yawan gani a binciken ɓeraye. Ɓera mai giram 45 zai samu miligiram 11.25. Iyakar ruwan da ake ɗura wa ɓera a lokaci ɗaya ita ce mililita 10 ga kowane kilo, wato mililita 0.45 ga wannan. Sai ka dama maganin yadda kowace mililita za ta ɗauki miligiram 25. Mu mun fi son rabin wannan ruwan ga ɓera mai ƙiba, wato mililita 5 ga kilo da ninkin kaurin maganin, domin teɓarsa ce ta ƙaru, cikinsa yana nan yadda yake, kuma cika masa ciki da ruwa shi kansa yana rage ci.

Kada girman lambar ya tsorata ka. Jikin ɓera yana sarrafa magani da sauri fiye da na mutum. Ƙa'idar da hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta fitar a 2005 ita ce a raba awon ɓera da 12.3 don a samu kwatankwacin na mutum. Miligiram 250 ya koma wajen 20 ga kowane kilo, wato kimanin miligiram 1,400 ga mai kilo 70, kuma wannan yana cikin abin da ake ba masu ciwon sukari. Saurin nan ne ya sa semaglutide, maganin ƙiba da ciwon sukari wanda mutum yake karɓa sau ɗaya a mako, ake yi wa ɓera allurarsa kullum: a jinin mutum sai ya yi kusan mako kafin rabinsa ya ɓace, a ɓera sa'o'i kaɗan ne. Awonsa ƙanƙane ne ƙwarai. Nanomol 10 ga kilo bai wuce maikirogiram 2 ba ga ɓera mai giram 45. A irin wannan ƙanƙanta maganin yana manne wa bangon kwalbar roba har abin da ya shiga sirinji ya ragu, don haka ake amfani da kwalaben da ba sa riƙe furotin, ko a ɗiga ɗan albumin a ruwan damin.

Hanyar bayarwa maganin ne yake zaɓa. Semaglutide da liraglutide da tirzepatide a ƙarƙashin fata ake yi, da allura mai lamba 27 ko wadda ta fi ta siranta, a kama fatar wuya ko ta gefen ciki, ana canja wuri kullum. Metformin da orlistat ta baki ake ba da su. Ɗura tana buƙatar bututunta na musamman mai dunƙulallen baki, lamba 20 ko 22. A gwada tsawonsa daga bakin ɓeran zuwa haƙarƙarinsa na ƙarshe, a riƙe shi kai da wuya da jiki a miƙe, a bi da bututun ta gefen baki a kan harshe. Idan hanya ce daidai, da kansa yake zamewa. Da ka ji turjiya ka janye. Ruwa ya fito ta hanci, ko ɓeran ya shiga haki, to ya shiga hanyar numfashi, kuma tilastawa tana huda maƙogwaro. Kada wanda bai koya a hannun gwani ba ya fara koyo a kan ɓerayen da aka yi wata huɗu ana kiwo.

Rukunin kwatance yana karɓar ruwan damin zalla, ko ruwan gishiri ne ko methylcellulose mai kashi 0.5, adadi ɗaya, lokaci ɗaya, hannu ɗaya. Mai ba da maganin da mai awo kada su san wace kwalba ce wace, wani ne zai sa musu lamba ya ɓoye takardar. Maganin rage ci kuma ya fi nuna aikinsa idan aka ba da shi dab da kashe fitila, tunda da dare ɓera yake cin mafi yawan abincinsa.

Na fara ba da magani, cikin kwana 5 duk ɓerayen suka rame, har da waɗanda ruwa kawai nake ba su. Na magani sun fi ramewa kaɗan. In ce maganin yana aiki? Daga wata mai bincike.

Tukuna, Malama. Ramar da kika gani a rukunin kwatance ta firgici ce. Ɓera mai ƙiba ya fi siriri jin kamu da allura, yakan zubar da giram 1 zuwa 3 a makon farko ba don komai ba sai don an taɓa shi. Maganin wannan shi ne a sa su saba: kwana 5 zuwa 7 kafin a fara, a riƙa kama su ana yi musu allurar ruwan gishiri ko ɗurar ruwa a daidai lokacin da za a riƙa ba da maganin, har nauyinsu ya daidaita. Nauyin ranar da ya daidaita shi ne mafarin lissafi. Ɗaukarsu ta jela ma yana ƙara musu tsoro. Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool ta nuna a 2010 cewa ɗaukar ɓera a cikin ɗan bututu ko a tafin hannu ya fi kwantar masa da hankali.

Ko bayan an kawar da firgici, saukar nauyi kaɗai ba ta gaya miki abin da ya faru. Guba ma tana sa rama. Ɓera ba ya iya amai, saboda haka maganin da yake tayar masa da zuciya ba za ki gani a ƙasan keji ba, sai dai ki ga ya bar abinci. Ana gane wannan da gwajin ƙyamar ɗanɗano: a ba shi ruwa mai zaƙin sakarin karo na farko, a bi shi da maganin, bayan kwana biyu a ajiye masa ruwan zaƙin da ruwa zalla. Idan ya guji mai zaƙin, ya danganta shi da rashin lafiya ke nan.

Tambaya ta gaba ita ce ko ramar daga rage ci ta zo ko daga ƙarin ƙona abinci. Nan ake buƙatar rukuni na uku, waɗanda ba sa karɓar magani amma kullum ana auna musu daidai abin da na magani suka ci jiya. Idan rukunin biyu suka rame daidai, rage ci ne duk labarin. Idan na magani suka fi ramewa, akwai wani abu ƙari, ko ƙona kuzari ko hana hanji tsotse kitse, irin aikin orlistat, wanda za ki gani a maiƙon kashinsu. Rukuni na ukun nan yana da nasa aibi: yunwa takan sa su cinye rabonsu cikin 'yan sa'o'i su wuni ba ci, don haka a raba musu kashi biyu. Auna cin ma yana da tarko, domin abinci mai kitse yana da laushi, yana marmashewa ya zube cikin shimfiɗa. Idan ba a tsince marmashin an auna ba, sai a rubuta cewa ɓera ya ci abin da ya watsar.

Sannan me aka rasa, kitse ko tsoka? EchoMRI tana ba da wannan cikin minti biyu ba tare da an sa ɓera barci ba. A auna kafin magani, a tsakiya, da ƙarshe. Idan kika kai ga auna iskar da suke shaƙa don sanin kuzarin da suke ƙonawa, kada ki raba sakamakon da nauyin jiki. Kitse ba ya ƙona kuzari kamar tsoka, don haka rabawar takan nuna kamar mai ƙiba yana ƙona kaɗan, wanda ya rame kuma yana ƙona da yawa, alhali lissafin ne ya ƙirƙiro bambancin. Hanyar da masana suka amince da ita ita ce wata dabarar lissafi mai suna ANCOVA, inda nauyin tsoka yake shiga lissafin a matsayin abin da ake daidaitawa.

Da magungunan GLP-1, irin su semaglutide, masu kwaikwayon wani sinadarin hanji mai rage ci, abin da aka saba gani shi ne ci ya faɗi warwas a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya farfaɗo a hankali, nauyi kuma ya ci gaba da sauka har ya tsaya, a babban awo kusan kashi 20 cikin 100 a mako uku. Wannan yana karo da dokar da kwamitocin kula da dabbobi da yawa suke bi, cewa dabbar da ta rasa kashi 20 na nauyinta a cire ta daga gwaji. A tattauna da kwamitin tun kafin a fara, a haɗa da ma'aunin yanayin jiki mai maki 1 zuwa 5, wanda ake yi da taɓa ƙashin baya da na ƙugu. Ɓeran da ya sauka daga giram 50 zuwa 40 yana yawonsa yana gyara gashinsa daban yake da wanda ya takure a lungu gashi a tashe, ido a lumshe.

Sakamakon gwajin jure sukari da nake yi ba ya daidaita, wani lokaci ma na'urar sai ta ƙi ba da lamba. Daga wani ɗalibin digiri na uku.

A wannan gwajin ana hana ɓera abinci, a ba shi gulukos, a riƙa auna yadda sukarin jininsa yake hawa da sauka. Abu biyu muke zargi, tsawon yunwa da yawan gulukos. Hana ɓera abinci dare guda, awa 16, al'ada ce da aka aro daga gwajin mutane, kuma ba ta dace da dabbar da take ci da dare ba. Yana zubar da nauyi mai yawa, ajiyar sukarin hantarsa ta ƙare, zafin jikinsa ya sauka. Awa 5 zuwa 6 da safe sun isa: a cire abinci ƙarfe 8, a mayar da su sabon keji don kada su tsinci marmashi, a bar musu ruwa, a fara gwaji ƙarfe 2 na rana.

Game da awo, giram 2 ga kilo a ɓera mai giram 45 miligiram 90 ne, a mai giram 30 kuma 60. Tsokar da za ta sha sukarin kusan ɗaya ce a jikinsu, amma ka ba mai ƙiba ƙarin rabi. Dole ya fito kamar ya fi lalacewa, kuma yawancin na'urorin hannu ba sa karanta sukarin jinin da ya haura miligiram 600 a kowace desilita. Ka sauko zuwa giram 1 ga kilo, ko ka yi lissafi da nauyin tsoka, ko ka ba kowa adadi ɗaya. Da ruwan gulukos mai kashi 20, giram 1 ga kilo a ɓera mai giram 45 mililita 0.225 ne. A ɗan yanki ƙarshen jela sau ɗaya, a share ɗigon farko, a auna a minti 0, 15, 30, 60, 90 da 120, ana barin tazarar minti ɗaya tsakanin ɓera da ɓera don lokacin kowa ya zo daidai. Idan aka yi allurar a ciki kuma sukari bai motsa ba a minti 15, allurar ta faɗa cikin hanji ko teɓa, a cire wannan awon. Idan maganinka ta hanyar sinadaran hanji yake aiki, gulukos ta baki za ka ba da, domin allura tana tsallake hanjin.

Gwajin insulin a bar shi sai bayan mako guda. Akan ba da yunit 0.5 zuwa 1 ga kilo, sirinjin gulukos yana ajiye a gefe, duk wanda sukarinsa ya yi ƙasa da 40 ko ya fara sanƙarewa a ceto shi nan take.

Ni ba masani ba ne. Ina jin ana cewa an gwada magani a ɓera ya yi aiki. Shin hakan na nufin zai yi wa mutum? Kuma ba zalunci ba ne? Daga wani mai karatu.

Ɗan'uwa, wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi. A 1949 aka ga wani ɓera mai ƙiba ta ban mamaki a Jackson Laboratory, a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano abin da ya rasa, sinadarin leptin. Da aka yi masa allurarsa sai ya rame. Amma yawancin masu ƙiba leptin ɗinsu yawa ma ya yi, jikinsu ne ba ya jin sa, kuma haka ɓeran da abinci ya sa wa ƙiba yake, abin da ya sa ya fi kama da mu ke nan. Rimonabant ya rage ƙibar ɓeraye da ta mutane, aka amince da shi a Turai a 2006, aka janye shi a 2008 saboda yana jawo baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai, abin da sikeli ba zai taɓa nunawa ba. Semaglutide kuwa ya yi aiki a ɓera ya kuma yi a mutum, aka amince da shi don ƙiba a Amurka a 2021 da sunan Wegovy. Gargaɗin da ke jikin kwalinsa game da wani ƙari na maƙoshi ma daga abin da aka gani a ɓeraye ya samo asali. Kada kowa ya sha wani abu don kawai ya ji an ce ya ramar da ɓera.

Tambayarka ta biyu tana da nauyi, kuma muna ɗaukarta da gaske. Dabbar tana jin zafi da tsoro. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage adadinta, a sauƙaƙa mata wahala. Ba a fara irin wannan aiki sai da izinin kwamitin ɗa'a. Binciken da aka tsara da sakaci, wanda sakamakonsa ba zai amfani kowa ba, shi ne ya fi kowane zama zalunci, domin an wahalar da rai a banza.

Na yanka hanta na rina ta don in ga kitse, sai na ga ramuka farare kawai. Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje.

Ramukan nan gurbin kitsen ne, Malama. Alkohol da zailin da ake bi da nama cikinsu kafin a sa shi a kakin farafin suna narkar da kitse su tafi da shi. Rinin Oil Red O, wanda yake nuna kitse, sai a kan naman da aka daskarar aka yanka a daskare. Ranar ƙarshe ki raba hantar uku daga ɓangare ɗaya a kowane ɓera: ɗaya a fomalin mai kashi 10 na awa 24 zuwa 48, ɗaya a daskarar don rinin kitse, ɗaya a jefa cikin ruwan naitirojin a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili don auna kitsen da sinadarai. Ki auna nauyin hantar gaba ɗaya kafin ki yanka, tare da teɓar da ke kusa da maraina da ta ƙarƙashin fatar cinya. Teɓar maraina takan daina girma, har ta ragu, idan ɓera ya haura wajen giram 40, kitsen ya koma taruwa a hanta, don haka ƙanƙantarta ita kaɗai ba shaidar aikin magani ba ce. Ki riƙa ɗauko ɓerayen a cakuɗe, ɗaya daga wannan rukuni ɗaya daga wancan, duk a cikin awa biyu zuwa uku, domin sukari da kitsen hanta suna canjawa da lokacin yini.